Sharhi: Katin M-Audio Audiophile 2496 da Cakewalk a Kan Tsohuwar Kwamfuta

Katin sauti na M-Audio Audiophile 2496 ya haura shekara ashirin da fitowa, amma ga mai tsofaffin ayyukan situdiyo a ajiye, wanda yake son ya sake buɗe su yadda aka bar su, har yanzu kaya ne da ya cancanci a sha wahalar nemansa. Na jima ina aiki da shi a kan wata kwamfuta Pentium 4 mai Windows XP, tare da manhajojin haɗa waƙa Cakewalk Pro Audio 9 da Cool Edit Pro 2.0, kuma na gamsu da shi ƙwarai. Katin kansa bai ba ni wata wahala ba. Wahalar duk tana wajen ƙananan abubuwan da ke tafiya da shi, kuma a kansu zan fi tsayawa, don su ne ke sa mutum ya kashe kuɗinsa ya koma gida da kayan da ba ya motsi.

Dalilin da ya kai ni ga wannan nema shi ne kayan kawuna. Ya taɓa riƙe ƙaramin situdiyo a Kano, a zamanin da kiɗan fiyano ya cika gari, tun daga waƙoƙin fim har na biki da na bege. Da ya bar sana'ar sai ya tattara komai a kwalaye: faya-fayan CD da ya kwafa da hannunsa, da fulofi na fiyanonsa Yamaha, da had-disk guda na tsohuwar kwamfutarsa. Cikin ayyukan akwai ƙasidun da wasu malamai suka rera waɗanda yanzu ba sa raye, kuma iyalansu suna tambaya. Abin da ya rage a hannun mutane kaset ne da ya sha juyi har murya ta dushe. Asalin ɗaukar kuwa, murya daban kiɗa daban, yana cikin kwalayen nan.

Kafin kowa ya fita neman tsohuwar kwamfuta, gaskiya ita ce ya fara gwada ta zamani. Kamfanin Gibson, mai Cakewalk a lokacin, ya dakatar da shi a ƙarshen 2017, BandLab ya saye shi a 2018 ya fitar da shi kyauta, kuma wannan sabon yana buɗe tsofaffin fayilolin .wrk da .bun. Idan abin da kake da shi .bun ne, ka taki sa'a, don a cikinsa aka ɗaure komai, murya da kiɗa. Shi kuwa .wrk tsarin aikin kawai yake riƙewa da bayanan MIDI, wato umarnin da ake aika wa fiyano kan abin da zai buga. Muryar da aka ɗauka tana can cikin wata folda mai suna Wavedata a had-disk, da sunaye na haruffa da lambobi waɗanda mutum ba zai gane wace waƙa ce ba sai manhajar da ta ƙirƙire su. Masu situdiyo da yawa a lokacin sun kwafi .wrk kaɗai a CD suna zaton sun adana waƙa. Haka abin yake ga fayil ɗin .ses na Cool Edit: nuni kawai yake yi ga inda sautin yake. Mafi yawan ayyukan kawu irin waɗannan ne, shi ya sa tsohon had-disk ɗin nan mai faffaɗar wayar IDE ya zame mini abu mafi daraja a kwalin, kuma na zaɓi in haɗa masa gida irin wanda ya saba da shi maimakon in yi ta tsintar fayiloli ɗaya-ɗaya ina canka.

Neman kwamfutar ya fi yadda na zata cin lokaci. A shagunan Beirut Road duk wanda na tambaya sai ya ce, “Yallaɓai, me za ka yi da wannan? Ga Core i5 nan mai kyau.” Mafi yawan irinsu sun daɗe da tafiya hannun ƴan gwangwan. Daga baya wani dattijo mai gyara ya shiga ɗakin ajiyarsa ya jawo mini guda daga ƙarƙashin tarin kaya, ƙura ta rufe ta. Ya buɗe murfin a gabana, ya haska fitilar wayarsa a kan bod, wato babban allon cikin kwamfutar, muka bi kafasita ɗaya bayan ɗaya. Bod-bod na farkon shekarun 2000 sun yi ƙaurin suna da kumburin kafasita: za ka ga kan ya tashi maimakon ya kwanta, wani ma ya fitar da wani abu ruwan ƙasa ya bushe. Biyu daga cikin nata sun kumbura, ya canza su nan take. Ya sa sabon batirin CR2032, don tsohon ya mutu kuma agogon kwamfutar ya koma baya. Sannan ya juya ta ya nuna mini wani ɗan jan makunni a bayan akwatin wuta mai lamba 115 da 230. Kwamfutar da ta fito daga Amurka sau da yawa a kan 115 take zuwa, kuma idan ka jona ta da wutarmu a haka, ƙara ɗaya za ka ji da warin ƙuna. Wannan dubawar ta daƙiƙa biyu ba ta da madadi.

Abin da ya wajaba kwamfutar ta kasance da shi shi ne gurbin PCI, wannan farin dogon ramin da ke kan bod. Na kwamfutocin yanzu PCI Express ne, suna ya yi kama amma kati ba ya shiga. Tata tana da gurabe uku, da injin fulofi da ke aiki, abin da na ƙidaya a matsayin riba.

Katin kuwa a kasuwar kayan hannu ta intanet na samo shi, daga ƙasar waje, kuma kuɗin kawo shi ya kusa kamo kuɗin sayensa. A nan ne nake roƙon mai nema ya buɗe ido. A bayan katin akwai ramuka huɗu na RCA, irin zagayayyun nan na bayan dek ɗin kaset, biyu na shigar sauti biyu na fita, sai wani soket mai fil 15. A wannan soket ɗin ake jona wata gajeriyar waya mai rassa, wadda ke ɗauke da MIDI na shiga da fita da kuma S/PDIF, wato hanyar aika sauti ta dijital. Masu sayarwa da yawa katin kaɗai suke da shi, an zare shi daga wata kwamfuta an bar wayar a wani wuri, kuma hoton da za su sa ba zai nuna maka rashin ba sai ka lura. In babu ita, katin zai ɗauki murya ya fitar, amma ba zai yi magana da fiyano ba, kuma rabin amfaninsa ke nan a wurina. Ba kowace waya mai kai irin nata ce za ta maye gurbinta ba. Na wuce tayi da dama masu araha har sai da na samu wanda ya ɗora wayar kusa da katin a hoto ɗaya.

Sai direba, wato manhajar da ke sa Windows ta gane katin. M-Audio ya sauya hannu har sau biyu, Avid ya saye shi a 2004, inMusic kuma a 2012, don haka neman tsohon direba yana buƙatar haƙuri. Katin ɗan gidan Delta ne, wato jerin katunan sauti na M-Audio, direban Delta yake amfani da shi, kuma akwai na Windows 98 da na 2000 da na XP har zuwa Windows 7. A rumbun Internet Archive na samu kwafin faifan da ake haɗowa da katin da littafin bayaninsa. Na sauke su a wata kwamfutar na kai da filas. Ita tsohuwar ban taɓa haɗa ta da intanet ba kuma ba zan haɗa ba, tunda Microsoft ya daina kula da tsaron XP tun Afrilun 2014. Shafukan da ke cewa danna nan mu nemo maka direba kuwa, a kauce musu gaba ɗaya.

Kan manhajojin waƙar, na yi dace kawu ya adana faifansa na asali na Pro Audio 9 da lambarsa a rubuce a bayan kwali. Wanda ba shi da irin wannan, ya nemi na hannu da ya zo da faifai da lamba tare. Cool Edit Pro ba a sayar da shi yanzu, tun da Adobe ya sayi kayan Syntrillium a 2003 ya mai da shi Audition. Kwafin da aka fasa sun cika intanet, na sani, kuma da su aka rayu a situdiyoyi da yawa. Ni dai ba zan ɗora abin da ban san hannun da ya bi ba a kan na'urar da ke riƙe da kwafi ɗaya tilo na muryar mamaci.

Da komai ya zauna, aikin katin ya faranta mini rai. Yana ɗauka har 24-bit da 96 kHz, daga nan ma ya samo sunansa, kuma sautinsa tsaf yake. Na jona dek ɗin kaset da shi don in kwashe waɗanda asalinsu ya ɓata, kuma shuuu ɗin da na ji na kaset ɗin ne kawai, katin bai ƙara nasa ba. Wanda ya taɓa ɗaukar murya da ramin makirfo na jikin bod ya san ƙugin da ke biyo faifai idan yana juyawa. A nan babu shi. Na taɓa aiki da Sound Blaster Live!, wanda ya fito a 1998 kuma ya yi wa mutane da yawa hidima, amma shi a cikinsa komai a 48 kHz yake sarrafawa, don haka aikin da aka yi a 44.1 kHz irin na CD sai an juya shi. Audiophile yana bin duk ma'aunin da aikin ya zo da shi.

A farkon kwanaki na riƙa jin ƙas-ƙas jefi-jefi idan waƙa tana tafiya. Dattijon nan ya ce in matsar da katin daga gurbin da ke maƙwabtaka da katin hoto, don sau da yawa layi ɗaya suke rabawa wajen kiran injin kwamfuta. Na matsar da shi gurbi na ƙasa, na ɗan ƙara girman bofa, wato ma'ajiyar sauti ta wucin gadi, a allon sarrafa Delta, ƙarar ta ɗauke.

Akwai iyakokin da ya kamata a sani tun kafin a saya. Ba a jona makirfo kai tsaye, sai an bi ta miksa ko wani abin ƙara ƙarfi. Layi biyu kawai yake ɗauka a lokaci guda ta RCA, don haka ba na ɗaukar taron makaɗa ba ne kowa da layinsa. Wayoyin RCA kuma ba sa son nisa, in sun yi tsawo ko sun bi ta kusa da wayar wuta za su kwaso ƙugi, musamman a kan janareta. Na gajarta nawa na kuma sa UPS, saboda ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu ita ce ajalin tsohon had-disk. Pro Audio 9 ma bai san ASIO ba, wato hanyar da ke rage jinkirin sauti, tsohuwar hanyar Windows yake bi, don haka mai son rera sabuwar murya yana jin kansa ya saurara ta miksa ko ta allon katin, kada ya jira sautin ya zagayo ta manhaja.

Wurin da na fi jin daɗin wannan haɗin shi ne MIDI. Fayil ɗin MIDI ba sauti ba ne, umarni ne kawai: buga wannan, da wannan ƙarfi, da kayan kiɗa lamba kaza. Kamar takardar ɗinki ce, awo yana ciki amma yadin yana wurin tela. Da na fara kunna ayyukan kawu da sautin da ke zuwa cikin Windows, sai na ji wani abu daban: sarewa ta zama siririya, ganguna sun rikice, wasu muryoyin ma sun koma fiyano zalla. Dalili shi ne an tsara su ne da muryoyin XG na Yamaha, waɗanda suka zarce 128 ɗin nan na General MIDI. Da na aro fiyano Yamaha PSR na wancan zamani na jona shi da wayar nan mai rassa, na zaɓi XG a jerin kayan kiɗan Cakewalk, sai waƙar ta miƙe yadda take a kaset, sarewar nan mai kauri da kowa ya sani a waƙoƙin lokacin ta dawo wurinta. Kawu yana zaune a gefe, ya ɗaga hannu ya ce in tsayar, ya nuna mini layi na bakwai a allo ya ce a nan ya sa tafi, kuma ya faɗi wanda ya yi amshi kafin muryar ta shigo. Wannan ba ya samuwa sai da fiyanon da kuma hanyar da za ta kai masa umarnin ba tare da tangarɗa ba, kuma katin ya riƙe lokacin daram.

Faya-fayan CD ɗin su suka fi ba ni tsoro. Waɗanda aka kwafa a gida ba sa daɗewa kamar na kamfani, ga zafinmu ga ƙura. Wasu sun yi tabo, wasu bayansu ya fara ɓarewa. Wanda injin wannan kwamfutar ya ƙi karantawa wani lokaci na wata ya karanta, don haka ba na yanke ƙauna da gwaji ɗaya. Fulofi ma haka, da zarar ya buɗu nake kwashe abin da ke ciki kafin in saurari komai.

Tsarin da nake bi yanzu shi ne duk aikin da ya buɗu, in fitar da kowane layi a matsayin fayil ɗin sauti na WAV daga farkon waƙa, in ɗauki sautin fiyano ta katin shi ma ya zama WAV, in adana MIDI ɗin daban, sannan in kwafi komai wuri biyu. Gyara da haɗawa a kwamfutar zamani nake yi, don ta fi sauri nesa ba kusa ba. Mai son fara sabuwar waƙa yau ba shi da buƙatar wannan kati, ƙaramin na USB zai ishe shi. Mai kwali irin na kawu kuwa, in ya ga Audiophile 2496 da wayarsa a haɗe, ya saya, kuma ya fara da had-disk ɗin kafin faya-fayan, don shi ne ba ya ba da sanarwa kafin ya tsaya.