WhatsApp, Signal ko Telegram, wanne za ka ba amanar sirrinka?

Shekaranjiya ƙanena da ke da shagon atamfa cikin babbar kasuwa ya tare ni, ya ce yaya, kullum sai na tura kodin kuɗi da hoton rasit ga abokin cinikina na Jibiya, kuma an ce mani Telegram ta fi WhatsApp tsaro, in koma can? Na ce mashi dakata tukuna, wanda ya gaya maka haka bai san kan zancen ba.

Abin da ke ɓoye saƙo mabuɗi biyu ne da portabul ɗinka ke ƙerawa, ɗaya na jama'a ɗaya naka kai kaɗai. Na jama'a kamar buɗaɗɗen kwaɗo ne da ka rarraba ma kowa, mai son aiko maka saƙo sai ya sa cikin akwati ya danna kwaɗon naka, ɗan makullin kuwa yana cikin wayarka bai fita ko'ina. Kamfanin rezo ya zama kamar direban tasha da aka ba saƙo, ya ga akwatin, ya san daga ina zuwa ina, amma bai ga abin da ke ciki ba. Wasu mutum biyu a Amurka, Diffie da Hellman, su suka fito da dabarar ga a 1976.

To WhatsApp tana da wanga kulli, tun 2016 ta sa shi ga kowace hira, rubutu da bokal da kira har grup, kuma ma tsarin Signal ta ara. Kenan kwaɗonsu iri ɗaya ne, bambancin yana gefe. Meta mai Facebook ita ke da WhatsApp, ba ta karanta saƙonka amma ta san lambarka, da wa kake magana, da yaushe. Sai kuma babbar ƙofar da mutanenmu ke bari a buɗe wato ajiyar hira da wayar ke turawa Google Drive, ma'ajiyar Google ta intanet, wadda ba ta shiga kullin nan sai ka kunna da hannunka. Tun 2021 suka ba da damar ka rufe ta da kalmar sirri ko lamba 64, amma fa in ka manta ta kuma wayar ta ɓace shikenan, ko su ba su iya buɗe maka.

Signal ita na fi natsuwa da ita wallahi. Gidauniya ce ke riƙe da ita ba 'yan talla ba, kyauta take, kuma a 2016 da wata kotu a Amurka ta nemi bayanan wani mai amfani da ita, abin da suka iya miƙawa shi ne ranar da ya buɗe akawun da ranar ƙarshe da ya hau, don iyakar abin da suka aje kenan. Tun 2024 kuma kana iya ɓoye lambarka ka ba mutum suna kawai, abin da na ga zai yi ma mata masu sana'a a gida amfani ƙwarai. Matsalarta ɗaya, mutanenmu ba su cikinta, sai ka zauna ka lallashi wanda za ku yi hirar ya sauke ta, shi kuma yana kukan forfe da cikar waya.

Telegram kuwa nan ake yaudarar kai. Hirarta ta yau da kullum tana aje ne a na'urorin kamfanin kuma makullin na hannunsu, sai in ka shiga ka zaɓi hirar sirri da kanka, ita ma tsakanin mutum biyu ce kawai, grup bai da ita ko kaɗan. Don sauraren karatun malamai da sauke manyan fayil ba ta da na biyu, amma ni ba ni tura kodin jikka ɗari biyar ta can.

Akwai PGP, wani tsarin kulle saƙo da Phil Zimmermann ya fitar a 1991 don imel, ma'aikatan ƙungiyoyi masu aiki da kwamfuta su ya dace da su, ɗan kasuwa bai da lokacin wannan wahala.

Abin da muka yi da ƙanen nawa a nan bakin shago, muka bar WhatsApp don kwastomomi, muka rufe ajiyar da kalmar sirri ya rubuta a takarda ya kai gida, muka sa ma WhatsApp ɗin lambar sirri 6 ta tabbaci na biyu, na kuma ja mashi kunne kar ya karanta ma kowa kodin da ke shigowa ta SMS ko da mai kiran ya rantse daga kamfani yake. Maganar kuɗi kuma muka maida ta Signal. Na ce ranar da Alhajin Jibiya ya shigo Maradi su haɗa wayoyinsu su gwada lambobin tsaro 60 da Signal ke nunawa ga hirarsu, in sun yi daidai to kwaɗon nashi ne da gaske ba wani ya tsaya a tsakiya ba. Ina shirin tashi na gan shi ya miƙa ma yaron mai caji wayar ba ko kulli a fuskarta, sai da na sa aka dawo da ita muka sa mata.