Kwale-kwale ko motar daji: amsa ga mai zuwa Maun

Malam, ka ce a watan Yuli za ka kai wa abokanka ziyara a Maun ta ƙasar Botswana, kwana biyu kacal za ka samu na yawo, kuɗin kuma ba su taka kara sun karya ba. Kana tambaya tsakanin shiga kwale-kwale a fadamar Okavango da tafiya gandun dajin Moremi, wanne ya fi.

Da farko ka dace da lokaci. Ruwan Okavango ba na Botswana ba ne, daga tsaunukan Angola yake gangarowa, ya yi watanni a hanya, sai tsakanin Yuni da Agusta yake cika fadamar, lokacin da ƙasar ke tsakiyar rani. Kogin ba ya kai wa teku, a yashin Kalahari yake bajewa ya ƙare. Wanda ya san dausayin Hadeja da Nguru zai gane fasalin abin, sai dai wannan ya ninka shi nesa ba kusa ba. A 2014 UNESCO ta sa shi a jerin wuraren gado na duniya, shi ne na 1000.

Kwale-kwalen, can mokoro suke ce masa. Mutum biyu ke zama a ƙasansa, matuƙi na tsaye a baya yana tokarar ƙasa da doguwar sanda. A da daga gungumen itace ake sassaƙa shi, yanzu yawanci na roba ne don a bar manyan bishiyoyi su rayu. Za a ɗauke ka da mota daga gari zuwa mashigar ruwa ta wajen kogin Boro, ka wuni, ka dawo kafin magariba. Idonka dab da ruwa yake: furen bado, ƴan mitsi-mitsin kwaɗi maƙale a jikin kara, tsuntsaye iri-iri. Da rana a tsaya a wani tsibiri a taka da ƙafa, a ci karo da giwa ko jakin dawa in an yi sa'a. Dorina ce abin tsoro, shi ya sa in matuƙi ya ce ka daina motsi, ka daina. Matuƙan nan mutanen ƙauyukan yankin ne, kuɗinka hannunsu yake shiga.

Moremi kuwa wani lissafi ne daban. Batawana, masu sarautar Maun, su suka keɓe dajin a 1963, aka sa masa sunan sarkinsu Moremi na Uku. Nan ne zaki da damisa da ɓauna da kyarkeci suke. Amma ƙofar kudu ta kusa kilomita 100 daga gari, kwalta ta ƙare tun a hanya, sauran duk yashi ne, sai mota mai jan ƙafa huɗu. Ga kuɗin shiga, ga na mota da direba. In wuni ɗaya za ka yi, tun kafin asuba za ku tashi, kuma rabin ranar a hanya zai tafi. Namun daji da sassafe da yamma suke fita, daidai lokacin da kai kake bisa hanya.

Don haka ni dai kwale-kwale zan ce ka ɗauka, ka bar rana ta biyu ga masu masaukinka, tunda su ka je gani. Sai fa in abokan naka na da irin motar kuma za su iya kwana a dajin tare da kai, to a nan Moremi ta yi gaba.

Ka tafi da rigar sanyi mai kauri, daren Yuli a can hunturu ne sosai. Ka ga likita kan maganin zazzaɓin cizon sauro, kuma in fasfon Najeriya gare ka, ka nemi biza tun da wuri.