Makarantar kung fu a Kaduna: wata uku ana koyon tsayuwa kafin a kai ga naushi

Mahaifin da ya kai ɗansa wannan makaranta, wadda ke wani ɗakin taro ta wajen Unguwar Rimi, da tunanin yaron zai dawo gida yana tsalle irin na finafinan Sin, zai iya jin haushi a makon farko. Wata uku na farko babu dukan kowa. Tsayuwa ake koya, da gaisuwa, da shara. A ganinmu wannan ne babban dalilin da ya sa wurin ya cancanci kuɗinsa.

Darasi sau uku ne a mako, bayan La'asar, awa ɗaya da rabi, ana tashi kafin kiran Magariba. Minti 15 na farko gudu ne da jujjuya gaɓoɓi, daga wuya zuwa idon sawu. Sai miƙa jijiyoyin ƙafa, sai harbin ƙafa a miƙe, layi-layi daga bango zuwa bango. Ragowar lokacin na tsayuwa biyar ne da aka gina wushu, wato kung fu, a kansu.

Wadda ta fi cin lokaci ita ce ma bu, tsayuwar mahayin doki. Za a buɗe ƙafafu kamar tsawon tafin ƙafa uku, yatsu na kallon gaba, a sauko har cinya ta kusa kwantawa daidai da ƙasa, baya a miƙe. Sabon shiga daƙiƙa 30 yake fara yi, ana ƙara masa kaɗan-kaɗan kowane mako. Malamin yana zagayawa da sandar gora, ya ɗora ta a kan cinyoyin ɗalibi. In ta gangaro, bai sauko sosai ba. Za ka ga yaro ɗan shekara goma cinya na karkarwa, gumi na ɗiga a siminti, idonsa kan sandar. Kuskuren da aka fi yi shi ne gwiwa ta riƙa faɗawa ciki, domin tsokar ƙugu ba ta yi ƙarfi ba tukuna, kuma shi ne ke jawo ciwon gwiwa daga baya. Malamin ba ya barin wannan ya wuce. Yakan sa hannu ya tura gwiwar waje har ta daidaita da yatsun ƙafa, ya ce "ɗago kaɗan, amma ka riƙe ta a nan." Tsayuwa mai zurfi da gwiwa a karkace ba ta da amfani, ya kuma san haka.

A gong bu, tsayuwar baka, ƙafar gaba a lanƙwashe, ta baya a miƙe, diddigenta manne da ƙasa. Da diddigen ya ɗaga, naushin ya rasa tushe. Sauran ukun, pu bu da xu bu da xie bu, ana haɗa su da waɗannan a gajeren jerin motsi da ake kira wu bu quan, wanda shi ne jarrabawar farko.

Ladabi kuwa, 'yan Sin suna kiransa wude, wato halin kirkin mai iya faɗa. Ana shiga da gaisuwar dunƙule: hannun dama a dunƙule, tafin hagu a buɗe ya rufe shi, babban yatsan hagu a lanƙwashe alamar ƙanƙan da kai, hannuwan biyu a gaban ƙirji, jiki a tsaye. Wannan yana da muhimmanci ga iyaye Musulmi. A al'adar Sin akwai bikin karɓar almajiri inda ake durƙusawa a gaban malami a miƙa masa shayi. A nan ba a yinsa, babu ruku'u ga kowa, babu sa goshi a ƙasa. Ɗalibai suna cewa "Shifu" ko "Malam", wanda ya riga ka shiga kuwa Yaya ne ko da ka girme shi. Ba a tsallake sandar wani, ba a ratsa gaban mai motsi, wanda ya makara yana jira a bakin ƙofa sai an ba shi izini. Duk wanda aka samu da tsokanar faɗa a unguwa ko a makarantar boko, dakatar da shi ake yi, kuma ana kiran mahaifinsa. 'Yan mata suna da layinsu daban, da dogon wando da ƙaramin hijabi da ake cusawa cikin riga.

Amma akwai gyara, kuma ba ƙarami ba. Daɓen siminti ne tsurarsa. Tsayuwa ba ta damu da haka ba, amma tsalle da saukowa a kansa suna cin gwiwa da ƙashin ƙwauri. Dole a samo tabarmar roba kafin a fara koya wa kowa faɗuwa. Na biyu, manyan ɗalibai sukan danna ƙanana da ƙarfi wajen miƙa ƙafa, wai don su yi saurin buɗewa. Wannan yana yaga jijiyar bayan cinya, musamman da hunturu lokacin da jiki bai ɗau zafi ba. Miƙewa ya kamata ta tsaya inda aka ji ja, a riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30, ba inda aka ji zafi mai suka ba. Na uku, ajin da 'yan Sin ke kira sanda (ba sandar itace ba), wato karawa da naushi da shuri da kayarwa, ana yinsa da safar dambe kaɗan da ake karɓa-karɓa, wasu kuma babu robar kare haƙori. Kada mahaifi ya yarda ɗansa ya kara da kowa sai da hular kai da robar baki tasa ta kansa.

Allon ƙofa yana ɗauke da sunan Shaolin. Haikalin Shaolin na gaske, wanda ya shahara da kung fu, yana lardin Henan na ƙasar Sin, an gina shi a shekarar 495, kuma sunansa ya zama abin da kowa ke liƙawa. Abin da ake koyarwa a nan wushu ne na zamani, irin wanda aka saka cikin wasannin Olamfik na matasa na Dakar a 2026. Ba aibi ba ne, amma gara a faɗe shi yadda yake.

Mai shiga ya zo da wando mai faɗi, takalmin kambas mai siririn tafi, ba mai tudun soso ba, da ruwa aƙalla lita ɗaya. Mai tsohon ciwon gwiwa ko baya ya sanar da malam tun ranar farko, a rage masa zurfin tsayuwa.