Saurin kiɗa ko gidan sauti: wanne za ka bi a kiɗan okestira?

Malam, ka ce kana jera kiɗan okestira don wasan kwaikwayo na dandamali, manhaja ta ba ka lambobi biyu a kan kowane kiɗa, BPM ta saurin kiɗa da wata irin 8B ta gidan sauti (wato jerin sautukan da aka gina kiɗan a kai), kana tambayar wacce za ka bi. Ni dai ta biyun nake bi, amma da sharaɗi.

BPM adadin bugu ne a minti ɗaya. A kiɗan situdiyo kwamfuta ce ke riƙe da bugun, in an ce 120 to 120 ɗin ne har a tashi. Okestira kuwa mutum saba'in ne ko tamanin, idonsu a kan sandar jagora guda. Shi ma jagoran, in opera ce ko rawar bale, mawaƙiya yake kallo ko ƙafar mai rawa, kamar yadda mai kalangu ke bin ɗan rawa. Ta ja numfashi, ya jira ta. To wace lamba manhaja za ta rubuta? Ƙiyasi kawai take yi, wani lokacin ma ta ninka ko ta raba biyu. Ga shi yawancin manhajojin dije da bugu huɗu-huɗu suka saba, alhali kiɗan wals uku-uku yake tafiya.

Ɗauki kiɗa biyu da aka rubuta wa dandamali. Boléro na Ravel, marubucin kiɗa ɗan Faransa, na shekarar 1928, ƙaramar ganga ce ke maimaita bugu ɗaya kusan minti 15, ƙarfin sauti kaɗai ke hauhawa. A nan BPM gaskiya yake faɗa. Amma kiɗan da Grieg, marubucin kiɗa ɗan Norway, ya yi wa fadar sarkin dutse a wasan Peer Gynt, wanda aka fara nunawa a 1876, da sanɗa yake farawa ya ƙare da gudun tsiya. Duk lambar da aka maƙala masa, ta wani ɗan yanki ce kawai.

Lambar 8B kuma daga tsarin Camelot take, wanda manhajar dije ta Mixed In Key ta yaɗa. Lambobi 12 ne a zagaye kamar fuskar agogo, kowace da harafi biyu: A na gidajen maino (masu amon jimami), B na gidajen mejo (masu amon annashuwa). Gidan da makaɗa ke kira C mejo shi ne 8B, wanda suke kira A maino kuma 8A. Ƙa'idar ba wuya: ka tsaya a lambarka, ko ka matsa ɗaya gaba ko baya, ko ka sauya harafin. Wannan ya fi amfani a okestira, domin gogen Turawa da ƙahoni suna jan sauti mai tsawo, ɗakin da aka yi rikodin kuma yana amsa kuwwa. In ƙarshen wani kiɗa ya hau farkon wani a gidan da bai dace ba, ko wanda bai san komai a kiɗa ba sai ya yamutsa fuska.

Sharaɗin shi ne kiɗan okestira ba ya zama gida ɗaya. Boléro ɗin nan da ke C mejo tun farko, dab da ƙarshe sai ya tsallaka E mejo, wato daga 8B zuwa 12B, kafin ya dawo. Wasu kiɗan suna sauya gida sau da yawa a 'yan mintoci. Saboda haka yanko daƙiƙa 20 na ƙarshen kiɗan farko da 20 na farkon na biyu, ka ba manhaja waɗannan kaɗai ta auna.

Akwai wani tarko kuma. Ma'aunin da aka saba shi ne sautin A a kan hez 440 (girgiza 440 a daƙiƙa), amma okestira da yawa a Jamus da Ostiriya suna saiti a 443, masu kayan kiɗan zamanin Barok, wani tsohon zamanin kiɗan Turai, kuma a 415. Tsakanin 440 da 443 za ka ji sautin yana ɗan karkarwa in sun haɗu. Na 415 kuwa rabin mataki ne cur a ƙasa, har manhaja ta karanta 8A a matsayin 1A.

Kada ka ƙara ko ka rage saurin kiɗan okestira don BPM ya daidaita, muryar goge lalacewa take yi nan da nan. Nemi inda makaɗan suka numfasa, ka bar kuwwar ta kusa mutuwa, sannan ka shigo da na gaba. In gidajen biyu sun ƙi jituwa, daƙiƙa biyu na shiru lokacin da ake sauya fitila sun wadatar.