Hanyar keke a Legas: fenti ko shinge?

Zana layi da fenti a gefen kwalta ba ya cin kuɗi. Sai dai wanda ya san Agege ko Mile 12 ya san makomarsa: direban danfo zai tsaya a kai yana lodin fasinja, mai tumatir ya baza kwandunansa, damina ta wanke sauran.

Shingen kankare yana da tsada, yana kuma rage faɗin titi. Amma shi ya kare mafi yawan hanyar BRT, wato layin da aka keɓe wa manyan bas-bas, da hukumar sufurin Legas (LAMATA) ta buɗe a 2008 daga Mile 12 zuwa CMS a tsibirin Legas. A babban titi irin na Ikorodu, inda tirela ke goga wa mai keke kafaɗa, ni dai shinge zan zaɓa. Lungunan Idi-Araba kuwa, fenti da tudun rage gudu sun isa.