Wa zaka ba littattafan komik ɗinka ya sayar maka? Dillalan intanet da 'yan damfarar da ke kewaye dasu

'Yan uwa da yawa dake nan Amurka, musamman masu sayen kayan sito da kayan gidajen da masu su suka rasu don loda kwantena, suna cin karo da kwalaye cike da tsofaffin littattafan komik, irin su Superman da Spider-Man da Batman, wasu su zubar a bola wasu kuma su ɗauka sun tsinci arziki. Maganar gaskiya yawancin abin dake cikin irin kwalayen nan bai kai dala ɗaya ko biyu ba, musamman na wajajen 1990, lokacin da aka buga su kamar ba gobe, X-Men lamba 1 na 1991 kaɗai an buga sama da miliyan 8, kowa ya saya ya adana, toh wa zai saya a hannunka yanzu? Amma a cikin kwali ɗaya sai ka samu guda biyu ko uku da suka kai dala ɗari biyar ko dubu, kuma a kan waɗannan ne ake cutar mutane. Shi yasa nake so mu duba inda ya kamata mutum ya kai su.

Kafin komai ka san cewa a wannan kasuwar maki ake saye. Akwai kamfanin CGC a Sarasota ta jihar Florida, tun shekarar 2000 suke wannan aikin, zaka tura musu littafi su duba shi su bashi maki daga 0.5 zuwa 10 sannan su rufe shi a kwanson roba mai takardar shaida a sama. Littafi ɗaya, bugu ɗaya, mai maki 9.8 zai iya ninka mai 9.2 sau da yawa a kuɗi alhali in ka ajiye su gefe da gefe da kyar idonka zai ga bambanci, wata 'yar karaya ce a gindin bango ko kusurwa da ta ɗan lanƙwashe. Akwai kuma CBCS, suma suna yi, amma nasu yakan ɗan gaza na CGC a kasuwa. Kada ka kai kowane littafi a sa masa maki, kuɗin aikin da na aikawa zai cinye ribar ƙaramin littafi. Ka fara duba shafukan farashi na GoCollect ko GPAnalysis kaga nawa aka SAYAR da irinsa, banda nawa wani ya rubuta yana nema.

Ni dai MyComicShop nake ba kayana, kuma su nake nuna wa duk wanda ya tambaye ni. Suna Arlington a jihar Texas, asalinsu shagon Lone Star Comics ne da Buddy Saunders ya buɗe a 1977, wato ba jiya suka fara ba. Yadda abin yake, kafin ka ɗaure kwali zaka shiga shafinsu ka shigar da kowane littafi da sunansa da lambarsa, tun kayan basu bar ɗakinka ba akwai jerin su a rubuce a wajenka da wajensu. In sun isa su ɗauki hoton kowanne, wanda baida maki su duba shi su faɗi matsayinsa, sannan kai ne zaka yanka farashi da kanka, ko kace a saka maka a gwanjonsu. In mai saye ya taya ƙasa da abinda ka yanka zasu turo maka, ka sallama ko kace albarka, ba mai matsa maka, kuma in kaga kasuwa ta faɗi ko ta tashi da daddare ma zaka iya canza farashin daga wayarka. La'adarsu wajen kashi 10 cikin ɗari ce, tana raguwa in kuɗin littafin yayi yawa, amma ka duba shafinsu ranar da zaka aika domin irin waɗannan alƙaluman suna canzawa. Abinda yafi burge ni shine suna saka kayanka a eBay ma da sunansu, kaga ka samu masu sayen can ba tare da ka haɗu da rigimarsu ba, su zasu naɗe su aika, in mai saye ya kawo ƙorafi da su zai yi, kai baka ma san sunansa ba.

Ana kuka dasu cewa suna da tsauri wajen sa maki, littafin da kake gani kamar sabo sai su ce matsakaici ne, ranka zai ɗan sosu ranar farko. Amma wannan tsaurin ne yasa masu saye suka yarda dasu har suke biyan kuɗi mai kyau a kan littafin da ba a rufe a roba ba, domin sun san ba za'a yi musu ƙari ba. Sannan basa karɓar tarkace a sayar maka, akwai mafi ƙarancin darajar da littafi zai kai, sauran sai dai su saya a hannunka kai tsaye da ɗan abinda ya samu, wanda ni a ganina yafi ka barsu suna cin wuri a sito kana biyan haya.

Heritage Auctions na Dallas su ne manya, ba gardama. Su suka sayar da Amazing Fantasy lamba 15, fitowar Spider-Man ta farko a 1962, a kan dala miliyan 3.6 a 2021, suka sayar da Action Comics lamba 1 na 1938, littafin da aka sayar senti 10 ranar da ya fito, a kan dala miliyan 6 a 2024, sannan a Nuwamban 2025 Superman lamba 1 da wasu 'yan uwa uku suka tsinta cikin kayan mahaifiyarsu a California ya tashi a dala miliyan 9.12 a wajensu. In Allah ya baka irin wannan toh kira su yau, har la'adar ma zaka iya yin ciniki a kanta. Amma ba'a kai akuya kasuwar raƙuma. Su mai saye suna ɗora masa kashi 20 ko fiye a kan kuɗin da aka buga guduma, kuma kar kace ai shi zai biya ba ruwanka, wanda ya shirya kashe dala 1,200 zai tsaya ne a 1,000 saboda ya san ƙarin dake jiransa, daga cikin 1,000 ɗin kuma a cire taka la'adar, sannan ka jira kwana 45 bayan gwanjo kafin kuɗi ya fito. Wannan 1,200 ɗin a wajen mai cire kashi 10 kawai, 1,080 ne a aljihunka.

Shafukan gwanjo na ComicLink da ComicConnect duk tsofaffin hannu ne masu mutunci, la'adarsu wajen kashi 10, sun fi dacewa da mai littattafan da aka riga aka sa wa maki masu tsada. Whatnot kuwa gwanjon kai tsaye ne a bidiyo da ake farawa daga dala 1, in baka da mabiya kayanka zai tafi a banza kana kallo. Shagon unguwa zai baka rabin kuɗi ko ƙasa da haka, sai in kuɗin haya ya taso maka yau. eBay da kanka, la'ada wajen kashi 13 ga naɗi ga zuwa gidan waya ga mai saye na da damar kwana 30 ya ce kaya ba yadda aka siffanta bane.

Ni yanzu in ana maganar dillali ba la'ada nake fara tambaya ba. Akwai wani ƙaramin dillali da na haɗu dashi a dandalin sada zumunta, shafinsa tsaf, bakinsa zuma, yace kashi 5 kacal zai cire, na bashi littattafai. A ciki akwai wani na shekarun 1970 da nake ji dashi, a bayan bangonsa daga sama akwai kwanan wata da mai shagon da ya fara sayar dashi ya rubuta da fensir, ƙanana ƙanana, da wani ɗan ɗigon tsatsa kusa da ƙarfen ɗinki na ƙasa. Aka ɗauki watanni, yau yace kasuwa ta mutu gobe yace yana tafiya, daga baya yace wai an gano an taɓa bangon da fenti don haka sulusin kuɗi aka taya. Nace a dawo min da abuna. Abinda ya dawo sunansa ɗaya lambarsa ɗaya, amma babu rubutun fensir babu tsatsa, ga wata doguwar karaya a tsakiyar bango wadda nawa baida ita. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake, domin ba kuɗin kaɗai ba, rainin hankalin. Toh tun daga nan tambayoyina iri ɗaya ne a kan kowa: zaka bani jerin kayana a rubuce kafin su bar hannuna? zaka ɗauki hoto gaba da baya ka saka inda zan gani? akwai inshora a kansu muddin suna ajiye a wajenka? ranar yaushe kuɗi zai fito bayan an sayar, kuma in na fasa nawa zan biya a dawo min dasu? Wanda ya fara kame kame a ɗaya daga ciki ko kyauta zai yi min bana so, araha bata ado.

Sai maganar jabu, wadda ita ce tafi damuna, domin mutanenmu ta gefe biyu ake cin su, a sayar musu da bogi a matsayin na gaske, su kuma su kai kasuwa da zuciya ɗaya a ɗauke su macuta. A 1974 kamfanin DC ya sake buga Action Comics lamba 1 a wani jeri mai suna Famous First Edition, yana da ƙarin bango a waje dake nuna sabon bugu ne, sai 'yan damfara su cire wannan bangon su bar na ciki mai kama da na asali sak, shekara da shekaru ana cin mutane da wannan. Gane shi ba wuya, yafi na asali girma nesa ba kusa ba, faɗinsa da tsawonsa kamar ƙaramar jarida. Yanzu kuma kamfanonin Marvel da DC suna fitar da sababbin kwafi na tsofaffin littattafai har da tallace tallacen ciki, ka duba farashin dake bango da ƙananan rubutun shafin farko inda shekarar bugu take, takarda fara fat mai sheƙi a littafin da aka ce na 1962 ne ai ta gama faɗa maka komai. Teenage Mutant Ninja Turtles lamba 1 na 1984, da yake wajen kwafi 3,000 aka buga na farko kuma cikinsa baƙi da fari ne, an yi jabunsa sosai, wannan kada ka saya sai a cikin roba.

Akwai kuma gyaran fuska. A ɗauki alƙalami mai launi a cike inda fenti ya goge a bango, ko a datse gefe da reza don kusurwa tayi kaifi, ko a canza ƙarfen ɗinki, ko a ciro shafi daga wani kwafin a liƙa. In CGC suka gano an taɓa fenti ko an datse gefe sai su bashi takarda mai launin shunayya maimakon shuɗiyar da ake ba wanda ba a taɓa ba, kuɗinsa ya zube ƙasa warwas. Ka buɗe bangon ka duba ta ciki, in tawada ta ɓullo ta baya a daidai karaya toh an taɓa, wasu kuma da tocila mai hasken shuɗi suke dubawa a ɗaki mai duhu. Incredible Hulk lamba 181 na 1974, wanda Wolverine ya fito a ciki sosai karon farko, akwai wani ɗan kan sarki na talla a shafin ciki da yaran wancan lokacin suke yankewa da almakashi, littafin daga waje lafiya lau amma a ciki akwai rami mai kusurwa huɗu, irin wannan CGC koriyar takarda suke bashi, alamar yana da wani aibi. Ka ƙirga shafuka ɗaya bayan ɗaya, kada kunya ta hana ka a gaban mai kaya.

Ita kanta robar ba a barta ba. A ƙarshen 2023 masu tara littattafai suka bankaɗo cewa wani yana buɗe kwanson CGC yana cire mai kyau ya saka mai aibi sannan ya mayar wa kamfanin a canza masa sabon kwanso, har CGC da kansu suka fitar da jerin ɗaruruwan lambobin da abin ya shafa. Don haka kowane kwanso ka ɗauki lambar dake jikin takardarsa ka buga a shafin CGC kaga ko sunan littafi da makin sun dace, ka bi gefen robar da yatsa ko akwai tsagewa ko alamar gam.

In kuma kai ke sayarwa da kanka, duk wanda ya turo cak da kuɗi fiye da ciniki yace ka mayar masa da canji, ɓarawo ne, cak ɗin zai dawo bayan ka riga ka tura naka kuɗin. Wanda ya turo hoton alat yace ka aika kaya, ka buɗe asusunka ka gani da idonka tukuna. In kai ke saye kuma aka ce ka biya ta manhajar tura kuɗi ta Zelle ko ta layin 'yan uwa da abokai na PayPal, ka sani babu mai dawo maka da ko sisi in kaya bai zo ba. Wajen aikawa kada ka bi arahar Media Mail, wato layin aika littattafai na gidan waya, dokar gidan waya bata yarda da komik mai talla a ciki ba, suna iya buɗewa su caje ka. Ka saka kowanne a leda da kwalinsa na baya, ka haɗa su tsakanin kwali biyu masu tauri, salatif ɗin kada ya kusanci littafin, ka ɗauki bidiyo tun daga nuna bango gaba da baya har rufe kwalin da manna adireshi ba tare da ka yanke ba. Mai tsada sosai ka tura ta Registered Mail, wato saƙon rajista na gidan waya, tana da jinkiri amma duk hannun da ya taɓa kwalin sai ya sa hannu, kuma inshorarta tana kaiwa har dala 50,000.