Jirgin gawayi a kwamfutata, nan Yamai

Jika uku na ba wani yaro mai shago a Wadata ya sa min wasan tuƙa jirgin ƙasa, kuma kuɗina bai tafi banza ba. Kawunan jirgi na gwaji nake tarawa a cikin wasan. Wanda ya fi shiga raina Leader ne na Ingila, na 1949: mazaunin direba gaba da baya, mai zuba gawayi a tsakiya yana gasuwa kamar Afrilu a Yamai. Ɗaya tak aka kammala, aka farfasa shi a 1951. Hush-Hush, wani kan jirgin Ingila na 1929, kuwa sai kyau, tukunyar tururinsa ta ba ni wuya. Wasan na da nauyi, wallahi. Mu da layin dogo na Dosso ke kwance ba jirgi, a nan nake jin usur.